Wata uku ba ya yin magini

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Laraba ne ya hana ni barci, shi ya sa na zaunar da ɗana, ina faɗa yana bugawa. Baƙon nan naku mai porje, wato shirin koya wa matasa sana'a, ya ce a cikin wata uku sun mayar da 'yan pale, wato gungun samarin nan da aka sani da faɗace-faɗace, magina da kafintoci da masu walda, ga gidan matasa da suka gyara ya zama shaida. Mai gabatarwa ta ce masha Allah, aka sa kiɗa, aka wuce. Ba wanda ya tambaye shi: ranka ya daɗe, ina yaran suke yau?

Ni zan gaya muku inda suke, domin huɗu daga cikinsu a hannuna suka yi wata ukun nan.

Ni magini ne ɗan magini, haifaffen Birni. Shekara bakwai na yi ina kwaɓa ƙasa da ƙafa, ina miƙa wa mahaifina tubali, kafin ya yarda in ɗora ko guda a kan bango. Ban ce a sa yaran yanzu su yi shekara bakwai ba, zamani ya sake. Amma wata uku? Wata uku ko hannun mutum bai gama yin kanta ba.

Ranar da aka kawo mini su, idanunsu jajur, ɗaya ma da wuƙa a ƙugu. Makon farko ba su zuwa sai hantsi ya ɗaga. Na san tramol ne, ba sai an gaya mini ba. Ban zage su ba, ban kore su ba. Na ce duk wanda ya riga ni zuwa wurin aiki, shi zai riƙe cokalin gini ranar nan, sauran su ɗauki bulo. Kafin wata ya ƙare, sai in zo bayan asuba in tarar da biyu suna jirana bakin ƙofa, sun riga sun ba bulo ruwa.

Akwai ƙaraminsu, ɗan Kara-Kara. Kun san yadda garin nan yake kallon mutanen unguwar nan, tun kaka da kakanni, saboda kuturtar da aka san wurin da ita. Ranar farko da aka kawo abinci, sai ya ɗebi nasa ya koma can gefe shi kaɗai, ba tare da kowa ya ce masa ya yi haka ba. Na kira shi na ce zo mu sa hannu a kwano ɗaya. Yaron nan da ake cewa ba ya jin tsoron jandarma, sai ga shi yana hawaye yana cin tuwo. Kuma wallahi Allah ya ba shi hannu. Yaɓen da ya yi a bangon gabas na zauren taron, ku je ku shafa da tafin hannunku ku ji. Shi ne bangon da aka ɗauki hotunan manya a gabansa.

To me ya iya a ƙarshen wata ukun? Ya iya kwaɓa siminti daidai, ya san buhu mai kilo 50 baro nawa na yashi yake ɗauka, ya iya jan igiya, ya iya yaɓe. Bai iya fitar da kusurwar ɗaki ba. Bai san zurfin harsashin da ƙasa mai dutse take so da wanda jigawa take so ba. Bai iya ɗaure ƙarfen rufi ba, bai iya zama da mai gida ya lissafa masa kaya da kuɗin aiki ba. Wa zai ba irin wannan yaron ginin ɗakinsa? Ku da kanku za ku ba shi? Lebura ne mai kyau wanda ya kama hanyar zama magini, sai aka tsaya masa a tsakiyar hanya.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka ba kowane yaro takardar shaida da riga mai tambari. Washegari aka tattara cokula da shebur da baro aka kulle a ɗakin ajiya, wai kayan porje ne. Ɗan kuɗin abincin da ake ba su kullum ya tsaya. Alkawarin da aka yi a gabana cewa kowa zai tafi da kayan aikinsa, har yau shiru. Na je ofishinsu sau uku, na ƙarshe mai gadi ya ce mini porjen ya ƙare.

Yanzu ɗaya yana bakin hanya yana sayar da ruwa-ruwa, wato man fetur, a kwalba. Ɗaya yana kabu-kabu da babur ɗin wani, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗi ko ya samu ko bai samu ba. Na uku yana gidan kaso, faɗa ya tashi a fadarsu, wurin da suke zaman hira, aka sari wani. Uwarsa ta zo har ƙofar gidana tana cewa, Malam, ba kai ka ce ya shiryu ba? Ban sami abin ce mata ba. Ɗan Kara-Karan ne kawai yake tare da ni, daga aljihuna nake ba shi jikka guda ranar da muke da aiki, kuma ba kullum muke da aiki ba.

Abin da baƙonku bai sani ba, ko ya sani ya ƙi faɗi, shi ne yaron da ya ɗanɗana mutunci aka ƙwace, ya fi wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba ɗacin rai. Wata uku yana wucewa ta gaban abokansa da ƙura a jiki yana cewa shi ya bar wannan rayuwa. Yau ya dawo ya zauna kan benci ɗaya da su, ana dafa shayi ana yi masa dariya, ana ce masa injiniya ina aikin naka? Gobe in wani ya zo da wani sabon shiri, kuna jin zai sake yarda?

Ba gyaran gidan matasan nake suka ba. Wurin ya yi kyau, rufin ya daina zuba, yara suna zuwa. Tunanin a haɗa gyaran wuri da koyon sana'a tunani ne mai kyau, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mu da muka ga samariya zamanin Janar Seyni Kountché mun san yadda samarin unguwa suke fitowa gayya su gina aji ko su share kasuwa. Bambancin shi ne, a lokacin yaro yana gama gayya zai koma wurin maigidansa ya ci gaba da koyo. Kuma a 2018, da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a nan Damagaram, aikin gini ya cika gari, mun gani da idonmu: mai sana'a a hannu ya samu, wanda ba shi da ita ya ɗauki bulo har aikin ya ƙare ya koma inda ya fito.

Aiki bai ƙare a Damagaram ba. Azuzuwan lakwal nawa ne iska ta yaye wa kwano? Ku shiga Birni bayan damina ku ga tsofaffin gidaje masu zankwaye da zayyana suna zubewa, waɗanda suka iya gyaran irin wannan gini da makuba da azara kuwa mun kusa ƙarewa. A bar yaro hannun maigida shekara biyu. A ba shi cokalinsa da ma'auninsa da baronsa, su zama nasa. In za a ba da aikin gyaran aji ko ɗakin shan magani, a ba maginin unguwa bisa sharaɗin ya ɗauki yaran nan. Wannan bai kai kuɗin rumfa da rigunan ranar buɗewa tsada ba.

Kuma ku gaya wa 'yar nan tamu mai gabatarwa ta daina ce musu ɓata-gari. Sau biyar na ƙirga a shiri ɗaya. Suna sauraro, iyayensu ma suna sauraro. Ku sake shirin, ku kira magina da kafintocin da suka zauna da yaran cikin rana, ku kira yaran kansu. In kuna so ni zan kai ma'aikacinku inda kowannensu yake.

Sai wata magana. Watan jiya na biya kuɗin sanarwar rasuwar yayata da sassafe, aka ce za a karanta kafin azahar. Ba a karanta ba sai bayan kwana biyu, danginmu na Mirriya da Magaria ba su ji ba sai da aka yi sadakar uku. Ba ni kaɗai wannan ya sama ba, ku bincika masu karɓar sanarwa a ƙofarku.

Wassalam.

Wani magini, daga Birni, Damagaram