Hawa Dandamali Ba Ya Rage Wa Malami Daraja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi magana kan wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakaninmu a nan Ndjamena, wato ɗaukar wasan kwaikwayo a matsayin shiririta da ba ta kamaci mai neman ilimi mai zurfi ba. Kwanan baya wata ɗalibata mai hazaƙa ta gaya mini, idonta cike da ƙwalla, cewa mahaifinta ya ce ta zaɓa, ko dandamali ko digiri.

Na je har gida na ba Alhajin labarin Koulsy Lamko, ɗan ƙasar nan da aka haifa a Dadouar a 1959. Ya bar Chadi zuwa Burkina Faso, ya rubuta wasanni, ya kuma taka rawa a cikinsu da kansa, sannan ya koyar a jami'ar Ruwanda da ke Butare, kafin ya zauna a Meziko yana rubutu kan zaman baƙunta. Wasan bai hana shi zama malami ba.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne adabinmu, mu Hausawa mazauna waje. Kakanninmu da yawa sun baro Kano da Katsina a ƙafa da niyyar sauke farali, guzuri ya yanke, suka yada zango a wannan gari tun ana kiransa Fort-Lamy, wasu suka wuce Abeche har Sudan. Galibin wannan tarihi yana bakin tsofaffi ne. Akwai wata gyatuma a unguwarmu wadda idan tana ba da labarin ayarin kakanta sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta kausasa murya ta zama madugu, ta surka Hausa da Larabcin Chadi, ta yi shiru daidai inda aka binne jariri a bakin hanya. Manazarcin da ya kwashi kalmomin kaɗai ya bar rabin labarin a tsakar gida, domin wanda ya san dandamali ne zai gane nauyin wannan shirun.

Ina roƙon jami'o'inmu, daga ta Ndjamena da aka kafa a 1971 har ta Marwa a Kamaru da aka buɗe a 2008, su riƙa lissafa wasan da malami ya shirya cikin ayyukan bincikensa, su kuma tura ɗalibai wurin irin wannan gyatuma, wadda yanzu ta haura tamanin.

Wassalam,
Wani malamin sakandare, Ndjamena