Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiya mazauna Suwizalan

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya riƙe amanar da kuka ɗora masa a bana. Lissafin kuɗi yana wajen ma'aji, shi zai karanta shi a babban taro.

Takardu ne suka fi cin lokacinmu. Mun raka sababbin zuwa ofishin gunduma, mun fassara wasiƙu, mun kuma yi ta nanata cewa inshorar lafiya dole ce cikin wata uku da isowa, kuma daga ranar da mutum ya shigo ake fara lissafa masa kuɗinta. Wani ɗan'uwa ya zo mana da leda cike da ambulan da bai buɗe ba, wai yana jiran ranar da hankalinsa zai kwanta. Biyu daga ciki wa'adinsu ya riga ya wuce. Don Allah duk wasiƙar da ta zo a buɗe ta ranar, in ba a gane ba a kira mu.

Ajin Faransanci ya fara da cika maƙil, sanyi na shigowa kujeru suka koma wayam. Mata ne suka riƙe shi har ƙarshe, maza kuwa sai uzuri. Tun 2018 doka ta ce mai neman zama ɗan ƙasa sai ya shekara 10, yana da izinin zama na dindindin (C), ya kuma kai matakin ƙwarewar harshe na B1 a magana da A2 a rubutu a ɗaya daga cikin harsunan ƙasar, kamar Faransanci. Ba wanda zai zauna wa wani wannan jarrabawa.

Abin da har yau ake hirarsa shi ne ziyarar da muka kai Estavayer-le-Lac, a bakin tafkin Neuchâtel. Mun tafi ne da niyyar yara su sha iska, muka dawo da labarin da yawancinmu ba mu taɓa ji ba. Daga wannan gari ne, ranar 4 ga Yuli 1819, ayarin farko na mutanen ƙasar nan ya shiga jiragen ruwa zuwa Burazil. Yunwa ce ta kore su: dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indonesiya a 1815, shekarar 1816 ta zo musu da sanyi da ruwa babu ƙaƙƙautawa, amfanin gona ya lalace. Kimanin mutum 2,000 ne suka tafi, rukuni mafi girma a cikinsu daga jihar Fribourg. Sun bi kogin Rhine har Holan, inda suka yi makonni suna jiran jirgi zazzaɓi na ɗibarsu, wasu ɗaruruwa kuma ba su kai ba. Waɗanda suka isa su ne suka kafa garin Nova Friburgo, aka ba su gonaki a kan tsaunuka masu wuyar noma, da yawa suka sake yin gaba. Haka a 1845 jihar Glarus da kanta ta tallafa wa talakawanta suka tafi Amurka, suka kafa New Glarus a Wisconsin.

Wata Hajiya daga cikin iyayenmu ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Ashe su ma sun yi cin rani." A mota aka yi ta musu, wasu na cewa su an ba su gona, mu kuwa sai layin takarda. Ban raba gardamar ba, don ina ganin kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Shekara mai zuwa muna son zuwa Brunnen, inda aka keɓe fili don 'yan ƙasar mazauna waje, waɗanda yanzu sun haura 800,000.

Sallolin biyu sun yi armashi, godiya ga reshen mata da suka kwana kan waina da miyan taushe. Layya kuwa gida muka aika aka yi mana kamar kullum, tunda tun 1893 ƙasar nan ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba.

Inda muka gaza shi ne asusun jana'iza. Da aka yi mana rashi, Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu, sai da muka bi mutane ɗaya-ɗaya a waya kafin kuɗin kai gawa gida ya haɗu, iyalansa na can suna jira. Kwamiti zai kawo shawarar a ware wani kaso na kuɗin wata-wata don wannan asusu, ku zo da ra'ayinku. Masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji kafin ranar taro, don wanda bai biya ba ba zai jefa ƙuri'a a zaɓen sabon kwamiti ba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya