Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Tattaki, Legas

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa.

Tattakin safiyar Lahadi ya gudana yadda aka saba, sai makonnin da ruwan Yuni da Yuli ya tsare mu a gida. Da yake Legas ba ta da dutsen hawa, matakalar gadojin tsallaka titi na Agege da Oshodi muka riƙa hawa muna sauka don ƙafa ta saba.

Babban aikin bana shi ne tafiyar Jos da hunturu. Ranar farko muka hau duwatsun Shere, masu tsayin kusan mita 1,800 daga teku. Sanyin asuba ya sa hannu ko carbi ba ya iya ja. Amma rana ta biyu ce ta fi tsaya mana a rai, da muka taka tsakanin Bukuru da Barkin Ladi, cikin tsofaffin ramukan kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa ke haƙa a nan. Da Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da Ingila ta fi samun kuza daga gare ta, a 1942, sai aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa aikin tilas na haƙar kuza a nan, abin da kakanninmu ke kira ɗiban gwamna. Wani dattijo cikinmu, wanda aka taɓa ɗibar mahaifinsa, ya tsaya bakin wani rami ya yi addu'a, muka shafa tare. Faɗuwar farashin kuza a 1985 ta ƙarasa kassara kamfanonin, suka bar tsibin jar ƙasa da ramuka cike da ruwa.

Ruwan nan kwance yake lumui, amma zurfinsa ba na wasa ba ne, yana cin mutane, shi ya sa muka hana kowa wanka. Da shi kuma manoman rani ke ban ruwa. Mun ga injin yana jan ruwa zuwa kunyoyin kabeji da karas da dankalin Turawa. Membobinmu na kasuwar Mile 12, da suka yi shekara da shekaru suna sauke buhunan nan daga tirela, ranar suka fara ganin inda ake noma su. Sai da muka yi ta kira kafin suka baro hira da masu lambu.

Kuskurenmu shi ne barin wasu su zo da silifas. Mutum biyu sun dawo da ciwon ƙafa. Baɗi ba mai shiga mota sai da takalmi sau ciki mai kauri. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro na gaba.

Magatakarda