Garejinmu sun san injin amma ba su san ɗakin ba

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya zafi. Mu dai nan Garwa zafin Afrilu sai addu'a. Dan Allah a ban ɗan fili in fitar da abin da ke cina game da gyaran mota mai ɗaki, wadda masu faransanci ke cewa kampin-kar.

Tawa Fiat Ducato ce tsohuwa, okaziyo wato ta hannu, daga Duwala na sayo ta saboda ina bin kasuwannin shanu, Adumri, Ngong, wani lokaci har Ngaundere, na gaji da biyan kuɗin masauki da kwana a benci. Akwai gado a ciki, da firji, da famfo, da ɗan murhun gas. Abokai suna min dariya wai na zama kunkuru ina yawo da gidana, toh ni dai ina barci lafiya.

Watan jiya ina saukowa daga gangaren falez na hanyar Ngaundere sai naji birki na wari, injin ma yana ja da baya, ga fitilar ɗaki tana lumshewa. Na kaita wani babban gareji a gari, ba zan faɗi suna ba. Matsalar farko tun a ƙofa, motar ta kusa mita 3 daga ƙasa zuwa rufi, bata shiga rumfar ba, abin ɗaga motarsu kuma ba zai iya da ita ba tunda ta doshi tan 3 da rabi, shine akayi aikin a waje cikin rana. Gaskiya birki sun gyara shi tsaf a yini ɗaya, na yaba. Suka jona na'urar nan mai gano matsalar injin da suke kira baliz, suka duba suka ce filtar gazuwal, wato man dizal, ta toshe, wannan kam laifina ne, ni na zuba na jarka a bakin hanya, kuma injin zamani baya yafe datti ko ruwa a mai.

Inda aka samu tangarɗa shine ɓangaren ɗakin. Irin wannan motar batir biyu gareta, ɗaya na tada injin, ɗaya na fitila da fanka da famfon ruwa, a tsakaninsu akwai ɗan rele da ke haɗa su in injin na aiki don su caju tare, in ka kashe ya raba su. Amfaninsa kenan, ko ka shanye batirin ɗaki da dare, da safe motarka zata tashi. Yaron garejin ya kalle shi yace wannan iyayin turawa ne kawai, ya cire, ya haɗa batir biyun da waya mai kauri, maigidansa na tsaye bai ce uffan ba, ni kuma ban sani ba sai da na kwana a Adumri da fanka a kunne, da asuba na murɗa makulli shiru kake ji wai malam yaci shirwa. Mutum nawa muka tara suna tura wannan ƙatuwar cikin yashi, a banza, sai da wani mai tifa ya bamu wuta.

Firjin ma haka. Ba irin na gida bane, bashi da kwamfiresa, da zafi yake aiki, ko na gas ko na wuta, kuma sai mota ta tsaya daidai ba a karkace ba. Su kuma wai zasu ƙara masa gas kaman na shago, Allah yasa ina wajen na hana. Wani ya hau rufi ya taka murfin tagar sama ya tsage, ga damina na tafe. Kwana 11 motar tayi a wajensu, faktir, wato takardar kuɗin aikin, kuma layi ɗaya, jimla kawai, ba a rubuta me aka saya me aka ɗaura ba, tsoffin kayan da aka cire ma ban gansu ba.

Ban ga laifinsu duka ba fa. A da masu yawon buɗe ido na wucewa ta nan zuwa Waza da Rumsiki, makanikai na ɗan ganin irin waɗannan motoci, amma tun da aka sace iyalin Faransawan nan a Dabanga a Fabrairun 2013 ƙafa ta ɗauke, yaran da suka shiga gareji bayan nan ina zasu gani? Abin da ya ƙona min rai shine rashin cewa ban iya ba. Ƙarshe wani yaro mai haɗa sola a unguwarmu ne ya gano abin, ya maida rele, ya canja fis ɗaya, cikin awa 2, don shi kullum aikinsa kenan, batir da faranti da wuta mai volt 12.

Roƙona ga iyayen gidan gareji, in irin wannan mota tazo ku riƙe injin da birki, ɗakin ku kira mai sola da mai famfo, ku rubuta wa mutum debi, wato ƙiyasin kuɗin aiki, kafin ku taɓa ƙusa ɗaya, ku bashi tsoffin kayansa. Tagar rufin har yanzu leda na ɗaure da ita, in akwai mai karatu a Marwa ko Injamena da ya san inda ake samun murfin, dan Allah ya sanar ta wannan shafi kafin ruwan Yuni.

Naka,
mai karatunku daga Garwa