'Yan ƙungiyoyi, mu koma bakin kantar da aka kori mai ƙara

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan aiki na tafiya lafiya. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana tsaya min a rai game da mu 'yan ƙungiyoyin fararen hula da muke cewa muna yaƙi da cin zarafi a cikin gida. Na ce mu ne don ni ma ina ciki, na sa rigar nan mai ruwan lemo, na ɗaga kwali a rana, na zauna bita a otal an raba mana jaka da biro, don haka kar wani ya ce daga waje nake jifa.

Duk shekara daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba muna yin kwanaki 16 na gangami, abin da aka faro a duniya tun 1991, mu yi tattaki mu ce a daina dukan mata, a ɗauki hoto a watsa a Facebook, kowa ya kama gabansa sai baɗi. Ban ce laifi ba ne. Amma wai da wa muke magana? Mutumin da ke jibgar matarsa ko ɗansa ko tsohuwar uwarsa ba ya zuwa bita, bai ma san an yi ba. Wanda dole ya saurare mu, tunda da kuɗin jama'a ake biyansa albashi, shi ne ɗan sandan da ke zaune a kanta da ma'aikaciyar asibitin da ta ɗinke raunin da mai gabatar da ƙara da alƙali da jami'in walwalar jama'a, to su kuma fa mun gayyato ogansu a matsayin babban baƙo mun miƙa masa lambar yabo, wa zai iya buɗe baki ya tambaye shi ina fayil ɗin wance ya kwana?

Bari na faɗi abin da ya sa na farka. Wata rana na raka wata baiwar Allah caji ofis, ido ɗaya ya kumbura ya rufe ruf, leɓe a fashe, yaro a hannu sai tsala kuka yake. Jami'in da muka tarar bai yi mana wulaƙanci ba wallahi, ya saurare ta har ƙarshe yana girgiza kai, sai ya jawo wata 'yar takarda da aka yago daga wani littafi ya rubuta sunanta da lambar wayarta ya ce ku je za mu kira shi mu ja masa kunne, ai maganar gida ce. Ga babban littafin shigar da ƙara nan a gefen gwiwar hannunsa, ko buɗe shi bai yi ba. Ni kuma da wautata har godiya na dinga zubawa. Bayan wata biyu muka dawo, wannan karon da karaya a hannu, wani jami'in daban ya duba ya ce babu wani rahoto a kanta, wannan ne karo na farko. Kuma a takarda gaskiya ya faɗa. Zuwanmu na farko ya bi iska, da ranar Allah ya yi mata cikawa da hukuma ta ce ba ta taɓa jin labari ba, ni kuma da na raka ta ba ni da ko sunan wanda ya karɓe mu balle lambar da ke ƙirjinsa.

Abin nan ba ƙarami ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a Nuwamban 2024 ya ce a shekarar 2023 kaɗai mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu ko samarinsu ko wani ɗan uwa na jini, wato 140 kullum, mutum ɗaya duk minti goma. Irin wannan kisa kuwa sau da yawa ba daga sama yake faɗowa ba, an yi ta ganin hayaƙi, an kai ƙara, an je asibiti, maƙwabta sun ji ihu. Tambayar da ya kamata ƙungiya ta riƙe kamar kaska ita ce, wa aka gaya wa, yaushe, me ya yi?

Ku duba shari'ar Nahide Opuz ta ƙasar Turkiyya. Tun 1995 mijinta ke dukanta ita da mahaifiyarta a garin Diyarbakir, sun kai ƙara ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, in ya matsa musu da barazana su janye, hukuma ta ce to shikenan an rufe magana. Ya taɓa bi ta kansu da mota. A 2001 ya daɓa wa Nahide wuƙa sau bakwai, hukuncin da aka yi masa tarar kuɗi ce, har da sauƙin ya biya kashi-kashi, Malam Edita sai ka ce bashin kayan ɗaki. A watan Maris na 2002 ya harbe surukar tasa tana cikin motar kwasar kaya za su gudu daga garin. A 2009 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce gwamnatin Turkiyya ce ta gaza kare ran matar nan, kuma sakacin hukuma a kan irin wannan nuna bambanci ne ga mata. Abin da nake so 'yan uwana su lura da shi, kotun ta jingina da rahotannin da ƙungiyoyin mata da ƙungiyar lauyoyin Diyarbakir suka tara shekara da shekaru, waɗanda suka nuna cewa 'yan sanda sun saba mayar da kansu masu sasanci su ce wa mace ta koma gida. Ba don wani ya zauna yana rubuta waɗannan ƙararraki ɗaya bayan ɗaya ba, da gwamnati ta ce tsautsayi ne ya faɗa wa gida ɗaya. Rubutun ne ya nuna hali ne.

Haka Maria da Penha ta ƙasar Birazil. A 1983 mijinta ya harbe ta tana barci ta shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, da ta dawo daga asibiti ya sake neman kashe ta da wutar lantarki a banɗaki. Kotu ta same shi da laifi har sau biyu amma ɗaukaka ƙara ta sa yana yawonsa a gari shekara goma sha wani abu. A 1998 ƙungiyoyin kare haƙƙi biyu, CEJIL da CLADEM, suka haɗa kai da ita suka kai ƙarar ƙasar Birazil ɗungurungum gaban hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta nahiyar Amurka, a 2001 hukumar ta ɗora wa ƙasar laifin sakaci, a 2002 aka kama mutumin saura kaɗan wa'adin hukunta shi ya wuce, a 2006 aka yi dokar da har yau ake kira da sunan Maria. Lissafa ka gani, shekara 23 daga harsashi zuwa doka. Wace ƙungiya ce a cikinmu za ta iya riƙe fayil ɗaya ko shekara uku, bayan kuɗin masu tallafi na wata goma sha biyu ne, in ya ƙare a rufe ofis a koma neman wani aikin, yau sauyin yanayi gobe zaɓe?

Kuma fa ba kullum ake cin nasara ba, kar na yi wa kowa romon baka. A Amurka a 1999 wata mata Jessica Gonzales tana riƙe da takardar kotu da ta hana mijinta kusantar su, ya kwashe 'ya'yansu mata uku, ta kwana tana kiran 'yan sandan garin Castle Rock suna ce mata ta ƙara jira, kafin asuba an tsinci gawar yaran a motarsa. Kotun Ƙolin Amurka a 2005 ta ce ba ta da hurumin kama 'yan sandan da laifi a ƙarƙashin tsarin mulki. Sai a 2011 hukumar nan ta nahiyar ta ce Amurka ta tauye mata haƙƙi, shi ma ba hukuncin da ke da ƙarfin tilastawa ba ne. To ko a nan darasin a fili yake, takardar kariya in babu mai bin sawun ko an aiwatar da ita, takarda ce kawai.

Shi ya sa ni yanzu in na ji ana shagalin an sa hannu a sabuwar doka ba na saurin tafi. Doka ita ce mai sauƙin. Abin da ya burge ni a jihar Biktoriya ta Ostareliya, bayan wani uba ya kashe ɗansa Luke Batty mai shekara 11 a filin wasa a 2014 alhali akwai sammacin kama shi da ba a aiwatar ba, mahaifiyar yaron Rosie Batty da ƙungiyoyi suka ƙi yin shiru, aka kafa babban kwamitin bincike ya fito da shawarwari 227 a 2016, amma ba su tsaya nan ba, sai da aka naɗa mai sa ido na musamman da zai riƙa kai wa majalisa rahoton wacce aka yi wacce ba a yi ba. Afirka ta Kudu ma dokarsu ta 1998 ta ce ɗan sandan da ya ƙi yin abin da ta ɗora masa ya aikata laifin aiki, kuma dole shugaban 'yan sanda ya riƙa kai wa majalisa rahoto a kai. Irin waɗannan layukan da ke can ƙarshen doka su ne makamin ƙungiya, amma mu nawa ne muka taɓa karanta dokar ƙasarmu har shafin ƙarshe, balle mu rubuta wasiƙa mu ce ina rahoton bana, nawa aka ware a kasafin kuɗi don gidan fakewa, nawa aka saki?

Na san abin da za a ce min, ai in ka takura wa hukuma gobe ba za ta buɗe maka ƙofa ba, kuma matar da ke hannunka yau ita za ta sha wahala. Gaskiya ne, na gani da idona, ana buƙatar ɗan sandan nan da tsakar dare. Kuma akwai haɗari na gaske, a Turkiyya ƙungiyar da ke ƙirga matan da ake kashewa tun 2010 sai da aka maka ta a kotu ana neman rushe ta wai tana saɓa wa doka da tarbiyya, sai a 2023 kotu ta yi watsi da ƙarar, ƙasar kuma da ma ta fice daga yarjejeniyar Istanbul ta yaƙi da cin zarafin mata a 2021, yarjejeniyar da a garinsu aka sa mata hannu a 2011. Amma maganin wannan a raba aiki ne, masu gidan fakewa da rakiya su yi ta lallaɓa hukuma, su miƙa abin da suka gani ga wata ƙungiyar ko ƙungiyar lauyoyi ko 'yan jarida waɗanda ba sa cin komai a hannun ma'aikatar, su kuma su yi haushin. Matsalar ita ce in kowa ya zama abokin hulɗa, kowa yana kwamiti yana karɓar alawus na zama, bakin da ya ci ai shi ke jin kunya.

Wani abu kuma da ke ƙona min rai, mun ɗauka sa hoton mace da fuska a kumbure a intanet shi ne bin kadi. Kwana biyu ana ta Allah wadai, a zagi mijin, a zagi danginsa, ita kuma an tona mata asiri har abada, wani lokacin ma an nuna wa wanda take gudu inda ta ɓuya, jami'in da ya kore ta kuwa ko sunan ofishinsa ba a ambata ba. Ba fuskarta muke buƙata ba. A Birtaniya wata mata Karen Ingala Smith tun 2012 take rubuta sunan duk macen da namiji ya kashe, wata 'yar majalisa Jess Phillips ta yi shekaru tana tashi a zauren majalisa tana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, kuma tun 2011 doka ta wajabta a Ingila in an yi kisa a cikin gida a zauna a binciki abin da kowace hukuma ta sani kafin ranar. Aiki ne mai gundura, babu hoto mai kyau a cikinsa, mai ba da tallafi ma ba lallai ya so shi ba.

Mu ma kanmu a tambaye mu. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗi da sunan matan nan ta faɗa mana mutum nawa ta raka kotu, ƙara nawa ta kai ga hukunci, ƙararraki nawa suka mutu a hanya kuma me ya kashe su, ba yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halartar bita ba. Kuma mu tuna cin zarafi a gida ba mata kaɗai yake ci ba, akwai yaran riƙo, akwai tsofaffi da masu buƙata ta musamman da ba su da ƙafar zuwa caji ofis, akwai mazan da kunya ba za ta bar su su faɗa ba, su wa ke ƙirga su?

Ku ma Malam Edita ina da roƙo a wurinku. In wakilinku ya kawo labarin an kashe wata a ɗakinta, kar a tsaya a kan abin da kakakin 'yan sanda ya karanto, a sa shi ya koma ya tambaya ko ta taɓa kai ƙara, a ina, wa ya karɓa, sannan bayan wata shida a sake leƙa kotun a gaya mana inda aka kwana, don mu dai labarin kamu muke gani ba ma ganin na hukunci.

Ni dai tun daga ranar can ba na raka kowa ba tare da littafi a jakata ba. Ina rubuta rana da ƙarfe nawa muka shiga, sunan wanda ya karɓe mu da lambarsa, kuma ba na tashi daga bencin nan sai na ga an buɗe babban littafin an ba mu lambar shigar da ƙara, in an je asibiti sai an ba mu kwafin takardar likita. Wani jami'in ya taɓa ce min Hajiya ke lauya ce? Na ce a'a ranka ya daɗe, mantuwa ce ta yi min yawa. Ya yi dariya, ya jawo littafin.

Na gode da wannan fili.

Taku,
wata 'yar sa-kai mai karanta jaridarku kullum