Ba kowane ciki ne ke ɗaukar ganye da harza ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu ba da shawarar lafiya a jaridu da gidajen rediyo, waɗanda ke umartar kowa da kowa ya yawaita cin ganye ba tare da togaciya ba. Shawarar tana da tushe, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da na marmari a kullum, tare da giram 25 na harza, wato zare-zare da dusar da ke cikin ganye, hatsi da wake. Sai dai an yi wannan ƙiyasi ne domin mai lafiyayyen hanji, kuma akwai bayin Allah da kwaɗon zogale ko salak ɗin kabeji ke hana su barci saboda kumburi da murɗawar ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin ɗan Adam ba ya narkar da harza da kansa, sai ta gangara babban hanji, inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a can suke ruɓar da ita, iska ta taru. Mai lafiya ba ya jin komai illa ɗan motsi, amma wanda hanjinsa ke da saurin harzuƙa, wato ciwon da likitoci ke kira IBS, wannan iskar kan zame masa azaba, ta biyo da gudawa ko taurin bayan gida. Mai cutar Crohn kuwa, wato wani ciwo mai daɗewa da ke kumbura hanji, idan kumburi ya ƙuntata masa wani sashe na hanji, ɗanyen ganye da ɓawon wake suna iya toshe hanyar baki ɗaya, shi ya sa likita kan rage masa harza a lokacin da ciwon ya tashi.

Harzar ma iri biyu ce. Akwai mai narkewa a ruwa ta yi yauƙi, irin ta kuɓewa, wadda ciki ya fi jurewa, akwai kuma mai kaushi irin ta dusar alkama da jijiyar ganye. Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Ostireliya sun nuna cewa wasu nau'o'in sukari da ke cikin albasa, tafarnuwa, wake da alkama suna cikin manyan masu tayar da ciwon IBS, suka tsara hanyar da ake janye su na 'yan makonni, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin. Wannan ya fi barin ganye kwata-kwata, wanda wasu ke yi don tsoro har su rame.

A madafarmu ma akwai sauƙi. A jiƙa wake a zubar da ruwan, a surfe shi kamar za a yi alala, a dafa ganye ya yi lugub maimakon a ci shi ɗanye. Uwargida tana iya soya albasa a mai ta tsame ta, ƙamshin ya zauna a man, domin abin da ke kumbura cikin ba ya narkewa a mai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kiran kowane ciwon ciki basir, mu sayi jiƙo a hannun masu talla da lasifika a bakin kasuwa, alhali atuni, tarin fuka na hanji da sankarar hanji duk suna iya zuwa da irin waɗannan alamu. Duk wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko yake rama ba dalili, ko gudawa ke tashinsa cikin dare, asibiti ya kamata ya nufa a yi masa gwaji. Ina roƙon ku gayyato likitan ciki da masanin abinci su yi wa masu karatu bayani a shafinku na lafiya, da misalan miyar da muke ci.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya