Gidajen da aka ba mu ba su kai rabin wanda aka rushe ba

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni fili in yi kuka. An rushe mana gidan gado a cikin birni saboda faɗaɗa titi, muka yarda tunda aikin al'umma ne, aka kai mu can bayan gari aka ba mu ɗaki biyu da falo, mu da muke mutum 14 har da tsohuwarmu. Babu zaure, babu ruwan famfo, kullum sai mai ruwa. Ni ɗinki nake yi kusa da Kantin Kwari, yanzu kuɗin adaidaita kaɗai yana cinye rabin abin da na samu, yara ma sun bar islamiyyarsu.

Har yau kuma takardar mallaka ba ta zo hannunmu ba. Hukuma ta zo ta gani da idonta.

Naka,
Wani mazaunin Kano